Rigar Baba Jatau a Kan Garmaho

Abin da ake faɗa a kantin nan, har sababbin ma'aikata suna maimaitawa, wai ni Ramatu ce na yi dabarar shigar da waƙoƙin mutanen karkarar Amurka cikin Zongon Kumasi. Ba haka aka yi ba. Ni da son samu ne, da na kwashe fayafayan nan na watsa su a kwata. Tunda an ce kowa ya rubuta wa na baya abin da ya gani a bakin aiki, ga nawa, kuma ba zan yi masa ado ba.

Kantinmu yana gangaren kasuwar Kejetia. A sama akwai Manaja, Bature, sai babban akawu Mista Owusu, sai masu tsaron kanta, sai ni can ƙasa a teburin garmaho. An ɗauke ni gwaji na wata uku, don na yi makarantar 'yan mata a bakin teku wurin gwaggota, ina karanta Turanci, ina jin Hausa da Twi. Aikin kuwa ga shi. Akwatin fayafayai yakan zo ta jirgin ƙasa, a binne cikin garin katako. Ni zan buɗe, in ɗaga kowanne a haske in duba tsaguwa, in ɗora shi in ji. Allura ɗaya, fuskar faifai ɗaya. Wanda ya yi ƙyuyar canza allura ya cinye faifai. In mai saye ya zo, in karanta masa abin da ke rubuce a tsakiya, in murɗa hannun garmaho ya saurara.

Kiɗan soja da na rawa da na coci ba sa kwana. Sai aka aiko mana akwati guda na wasu waƙoƙi daban: na manoma, da makiyaya, da leburorin jirgin ƙasa na can Amurka. Goge ne da wani molo irin nasu, mutum ɗaya yana waƙa ta hanci. Akawunan gari suka ji suka yi dariya suka wuce. Mako biyar ko ɗaya bai fita ba. Manaja ya kira ni ya ce idan wata ya ƙare akwatin nan yana nan, za a rufe teburin garmaho a sa kekunan ɗinki, ni kuma in koma gida. A gida kuwa akwai masu jiran ranar, waɗanda tun farko suka ce wa babana mace ba ta tsaron kanta.

Ranar da ba ta fita raina ita ce wata Talata, bayan Babbar Sallah, saura kwana tara wata ya ƙare. Ina goge fayafayan nan cikin haushi, na ɗora ɗaya don kawai in ji ko ƙura ta ɓata shi. Mawaƙin yana da wata ɗabi'a: a ƙarshen kowane baiti sai ya karya murya, ta hau sama siririya, ta faɗo, ta sake hawa. Wani tsoho da ya shigo sayen fitila ya tsaya cak da fitilar a hannu. Baba Jatau ke nan, mai fataucin shanu, wanda ke koro garke daga arewa a ƙasa har Kumasi.

Ya ce, "Wa ke kiran shanu a nan?"

Na ce, "Ba shanu, Baba. Faifai ne."

"Mai da shi baya, 'yata."

Na canza allura na mayar. Ya ji har ƙarshe, sannan ya fara jero mini tambaya. Wane ne mai waƙar? Ɗan wane ne? Wane gari? Wa ya yi wa ita, wane ne ubangidansa? Ni kuwa ga aiki a gabana, na nuna masa tsakiyar faifan na ce sunansa kawai aka rubuta, sai lamba.

Ya ce, "Lamba? Mutum ne ko huhun goro? To me yake cewa?"

Nan na ji kunya, ko da yake ban nuna ba. Mako biyar ina ɗora waƙar nan, ban taɓa tsayawa na ji abin da take faɗa ba. Na sake canza allura, na kara kunne, ina fassara masa baiti baiti. Mutum ne ya yi nisa da gida. Jirgi yana wucewa ta gabansa ya nufi garinsu, shi ba halin shiga. Ya bar tsohuwarsa a bakin ƙofa, bai sani ba ko tana raye.

Baba Jatau ya saurara har na gama. Can ya ce shi ma rabonsa da ƙasar Katsina tun yana da baƙin gemu. Ya ajiye fitilar, ya tuɓe babbar rigarsa mai aiki a wuya, a tsakiyar kanti, ya ninke ta ya ɗora a kan garmaho.

"Ki kai masa."

Na yi dariya, kuma har yau ina jin zafin dariyar nan. Na ce, "Baba, mutumin nan yana bayan teku. Bai ma san kana duniya ba."

Ya dube ni ya ce, "Ni ai na san yana duniya. Mutum ya yi maka waƙa ta taɓa ka, ka tashi ka bar shi hannu rabbana? Sata ke nan. Ba a koya muku wannan a makarantar taku ba?" Ya ɗauki fitilarsa ya fita da 'yar shara. Faifai bai saya ba, don ba shi da garmaho.

Na kai wa Mista Owusu rigar, ina jira mu yi dariya tare. Shi Hausarsa ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wurinsa. Ya shafa aikin wuyan rigar ya ce, "Ramatu, kai ka yi makaranta, amma kunnenka bai yi ba." Ya tuna mini ƙa'idar kanti: abin da mai ciniki ya bari, ko a mayar masa, ko a kai inda ya ce. A jikin jakar faifan akwai adireshin kamfanin da ya buga shi. Shi da kansa ya shiga wurin Manaja ya roƙa a sa rigar cikin ƙunshin kanti mai tafiya bakin teku. Washegari aka nemo Baba Jatau, ya zauna a kan akwati yana faɗa ina rubuta wasiƙar da za ta bi rigar. Ya gai da mawaƙin, ya gai da tsohuwarsa, ya tambayi lafiyar shanunsa. Na ce waƙar ba ta ce yana da shanu ba. Ya ce, "Mai wannan murya? Rubuta."

Abin da ban sani ba, tsohon ya baza labari a zangon shanu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga mutane cike da ƙofar kanti, sun zo jin makiyayin Turawa. Ba wanda ya yarda in ɗora faifai sai na faɗi sunan mai waƙar da abin da ke damunsa. Wannan matarsa ta tafi, wannan fari ya cinye gonarsa, wannan yana kurkuku yana jin kukan jirgi. Suka ware gwanayensu, har da gardama. Masu masaukin baƙi ne suka fi saye, don fatake su ji da rana in sun huta, sai mahauta. Kafin wata ya ƙare, biyu suka rage a akwatin, su ma masu tsaguwa ne. Manaja ya tabbatar da ni a aiki, ya yaba wa dabarata. Na karɓi yabon ban gyara masa ba, kuma bai kamata ba.

Amsa ba ta zo daga bayan teku ba har yau. Duk zuwan Baba Jatau yakan leƙo ya ce, "Ya samu?" In ce ban sani ba. Ya ce, "To, ni dai na sauke hakkinsa."

Ku da kuka zo bayana, abin da na koya ke nan: mutanenmu ba baƙin faranti suke saye ba, mutum suke nema a cikinsa. In ba ku san mai waƙar ba, ba ku san me yake faɗa ba, kada ku taɓa allura. Ina gode wa Mista Owusu, wanda ya bi ƙa'ida a ranar da ni na so a yi dariya.

Saura mutum ɗaya. Tsohon nan ya tsayar da ni a kan aikina, ni kuwa shekara guda ke nan na bar shi hannu rabbana, kuma ya riga ya gaya mini sunan wannan: sata. Na ba da ɗinkin babbar riga a unguwar Asawase, mai aiki a wuya irin waccan. An ce garkensa zai shigo ranar Asabar. Na nemi izinin rabin yini, zan kai masa har zangon shanu da hannuna.