Wejin Baba Wilfred

Idan ka bar babban titin Kakuri ka shiga Makera ta wajen masu sayar da itace, kafin ka ga shagon Baba Wilfred ƙamshinsa za ka fara ji. Ƙamshin maɗaci ne sabon yanka, mai ɗan ɗaci a maƙogwaro. Shagon ba shi da allon suna. Rumfar kwano ce da ta sha ruwan damina har ta yi ja. A bakinta matarsa, Mama Celina, take ajiye kular kunun zaƙi, a ciki kuma akwai teburin zarto wanda ya girmi yawancin masu Keke Napep da ke wucewa ta ƙofar.

Yana saurayi Baba Wilfred ya zo Kaduna daga wani ƙauye kusa da Kagoro, da akwatin ƙarfe a kai. A lokacin masaƙun Kakuri suna da rai. Jiniya ce ke tayar da unguwa. Da ta yi kuka sai kekuna su malalo daga Makera da Unguwar Television kamar ruwan da aka buɗe wa hanya, masu ƙosai da koko suna jiransu a bakin get. Yara kan leƙa lambatu su ga launin ruwan da ke fitowa, su ce yau shuɗiyar atamfa ake rinawa. Wilfred bai taɓa saƙa ko yadi ɗaya ba. Shi kafintan masaƙa ne, aikinsa gyaran ƙoshiya, wato ɗan katakon nan mai baki biyu da ke kai zare yana dawowa, da kuma sandunan da ke buga ta. A ɗakin saƙa ba a jin maganar kowa. Injuna ne ke ta sukuwa, mutane suna magana da hannu da gira. In an tashi aiki, kunne ya dinga ƙara ke nan har sai mutum ya gama cin tuwon dare.

Daga baya jiniya ta yi shiru. Ciyawa ta cinye filin ajiye kekuna. Wasu suka koma gida noman citta, wasu suka hau acaɓa, wasu suka kama gadi. Wilfred ya fito da buhu guda na tsofaffin ƙoshiyoyi da aka zubar, ya kama wannan rumfa, ya haɗa teburin zartonsa da hannunsa.

Duk mai tsaga katako da injin zarto yana buƙatar abin da kafintoci ke kira fens. Dogon katako ne miƙaƙƙe da ake kwantarwa a gefen zarto, a jingina masa allon da za a tsaga, allon ya bi shi ya fita sambal. Fens dai ba a so ya motsa ko da ƙwayar gero. In ya goce, allo yakan matse zarto, zarton kuwa ba ya shawara da kowa, sai ya cillo allon baya da ƙarfin tsiya. Sauran kafintoci da kilam suke riƙe nasu, ƙarfen nan mai baki kamar na kada da ake murɗawa. Baba Wilfred bai yarda da shi ba. Nasa fens ɗin na itacen kirya ne, ya yi masa ƙugiyar katako a kowane kai, tana kama gefen tebur. Tsakanin ƙugiya da tebur sai ya cusa weji, wato ɗan katako mai siririn baki da ke matse su, wejin kuma daga jikin ƙoshiyoyin nan yake yanko su, don a cewarsa katakon da ya yi shekaru yana shan duka a masaƙa bai san gajiya ba.

Yadda yake buga wejin shi ne abin kallo. Yakan ɗauki ƙaramar guduma, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga, ya fara ƙwanƙwasawa. Da farko sautin yana fita a dushe. Can sai ya tsinke ya koma siriri, ƙwas, ƙwas. Nan yake ajiye guduma. Ba ya girgiza fens ya gani ko ya kama, yana ganin yin haka raina kai ne. “Katako yana faɗa maka in ya ƙoshi,” in ji shi. “Ƙarfe kuwa munafuki ne, bakinsa ɗaya ko ya kama ko bai kama ba.”

A ƙarƙashin wannan tebur 'yarsa Hephzibah ta yi rarrafe cikin garin katako. Ta girma ta yi aure a Television, ta haifi nata, amma ba ta bar shagon ba. Yau ita ke karɓar aiki a waya, ita ke zuwa sayen katako, hannunta kuma ya faɗa a sana'ar har mazan layin sun daina yi mata dariya. Ta taɓa sayo kilam biyu a wurin Malam Aminu, tsohon makanikin masaƙa da ke sayar da ƙarafa a kasuwar Kakuri. Uban ya rataye su a ƙusa, gizo-gizo ya yi gida a kansu.

Mama Celina ce ta fara lura kunnen mijinta ya yi nauyi. A coci sai ya shiga waƙa bayan kowa ya wuce baiti. A gida rediyo ya dinga ihu har maƙwabta su san labaran duniya ba da sonsu ba. In ta yi magana ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Abin da masaƙa ta shuka a kunnensa tun yana saurayi, sai yanzu ya nuna.

Ana haka zumuntar mata ta cocinsu ta ba da aikin bencina. Wata safiya cikin damina, aka kawo wuta, Baba Wilfred ya kwantar da fens, ya buga weji, ya karkata kai, ya ajiye guduma. Ya tura allo na farko. Bai kai rabi ba zarto ya yi wani irin gurnani, allon ya ƙwace daga hannunsa, ya bi ta gefen haƙarƙarinsa, ya fita ta ƙofa ya daki kular kunu. Kula ta tsage, kunu ya malale har bakin lambatu. Allah ya sa Mama Celina ba ta wurin, ta tashi ke nan don ta miƙa wa wani mai Napep kofi.

Hephzibah ta kashe injin. Ta sa yatsa ɗaya ta tura fens, ya tafi kamar ƙofar da ba a kulle ba.

“Baba, wejin bai kama ba.”

“Katakon ne jiƙaƙƙe. Wa ya sayar miki da shi?”

“Katakon lafiyarsa lau. Baba, ka ji ƙwas ɗin ko ba ka ji ba?”

“Me kika ce?”

Mama Celina ta leƙo tana matse gefen zaninta. “Ka ga amsar ke nan. Baban Hefzi, shekara nawa ina dafa maka tuwo, ashe da katako za ka sallame ni.”

Ba wanda ya yi dariya. Hephzibah ta zare filogin injin ta naɗe wayar a hannunta. Ta tsaya inda zai ga bakinta, ta yi magana a hankali. Ta ce ko dai ya yarda a sa kilam, ko kuma ya bar zarto har abada, ya koma goge katako da shafa fenti. Ta ce ita ba za ta je gaban Fasto ta yi bayanin yadda uwarta ta mutu a bakin shago ba.

“A shagona?” in ji shi.

“A shagonka, Baba.”

Ya cire riga mai aljihun kusoshi, ya fita ya zauna a bencin waje.

Ni da nake maƙwabtaka da shagon, kwanakin da suka biyo baya ban so ganinsu ba. Mutumin da tun yana saurayi ba a taɓa ganin hannunsa a kan cinya da rana ba, ga shi zaune yana kallon Napep. Goge katako ya ƙi yi, ya ce aikin masu koyo ne. Ya ce zai taya matarsa sayar da kunu, amma mai neman kofi ɗaya sai ya zuba masa biyu, mai tambayar hanya ma sai ya miƙa masa kunu. In Hephzibah ta tayar da injin a ciki, ba ya juyawa, sai dai ka ga ƙafarsa ta lafe a ƙasa, yana jin rawar injin ta tafin sawu. Ya rame a idon kowa.

Ran nan Malam Aminu ya biyo da lema a hammata. Tare suka shiga masaƙa, tare aka sallame su. Ya zauna kusa da shi, ya ɗaga murya yadda suka saba.

“Kafinta, an ce mace ta kore ka daga aiki.”

“Hutu nake yi, Malam.”

“Hutun lafiya. Ni da na sayar da kilam ɗin nan na ɗauka aiki za su yi, ashe ado ka saya wa bango.”

“Ƙarfenka ba ya magana.”

“To kai da mai maganar, ji kake yi?” Malam Aminu ya ja kunnensa na hagu. “Wannan nawa tun shekarar da aka rufe ɗakin rini ya tafi. Liman yana kabbara, ni sai na ga sahu ya sunkuya nake bi. Ban daina zuwa masallaci ba saboda haka. Duk wanda ya ci tuwon masaƙa da kunnensa ya biya, ba kai kaɗai ba ne.”

Suka zauna suna kallon hayaƙin masu gasa masara. Sai suka shiga tuna mutane: wane ya rasu a Zonkwa, wane yana Gboko wurin 'ya'yansa, wane ba a san inda yake ba. Da Malam Aminu zai tafi ya ce, “Zarton nan shi ya rage maka. In ka bar shi don girman kai, Allah ba zai tambayi Hefzi ba.”

Washegari Baba Wilfred ya riga kowa zuwa shago, sanye da rigar aiki. Da Hephzibah ta iso ya ce ta ba shi dama sau ɗaya. Zai buga weji, ita kuma ta gwada. In fens bai motsa ba, ta mayar masa da wayar injinsa, kada ta sake yi masa maganar kilam. Ta yarda.

Ya zaɓi weji biyu mafi kyau, masu santsi kamar an shafa musu man shanu. Ya cusa na farko. Ya buga, ya karkata kai ta dama, ya buga, ya karkata ta hagu. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ni da nake tsaye a bakin ƙofa ina jin sautin, a dushe yake, bai tsinke ba. Mama Celina ma ta ji, ta sunkuyar da kai tana goge kofin da ba shi da datti. Ya ajiye guduma, ya ja da baya, ya nuna wa 'yarsa teburin da tafin hannu.

Ba ta so zuwa ba, amma ta je. Ta dafa fens ta ɗan jingina. Ya goce faɗin yatsa.

Baba Wilfred ya daɗe yana kallon wannan ɗan faɗin yatsa. Sannan ya bubbuge wejin suka fito, ya share su da gefen rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu.

“Sauko da ƙarfen naki,” ya ce.

Ta sauko da su, ta hure yanar gizon, ta ɗiga musu baƙin mai. Ta kafa ɗaya a kan fens, ta bar masa ya murɗa. Ya murɗa, ya ƙara murɗawa, har bakin ƙarfen ya fara nutsewa cikin kirya.

“Ya isa, Baba, za ka ji wa fens ciwo.”

“To ta yaya mutum zai san ya isa? Abu ba ya cewa komai.”

Ta kwance, ta sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin bakin ƙarfen, ta ɗora hannunta a kan nasa suka murɗa tare. Inda mariƙin ya fara gardama ta tsayar da shi. Suka sake, ta sake tsayar da shi a wurin. A karo na gaba shi ya tsaya da kansa. Daga nan ya yi abin da bai taɓa yi ba a gaban mutane: ya kama fens da hannu biyu ya girgiza. Tebur ne ya motsa gaba ɗaya.

Hephzibah ta warware wayar ta sa filogi. Ya tura allo, allon ya bi fens ya fita sambal, garin maɗaci yana zubo masa a kan takalmi. Ya ɗaga shi ya kanne ido ɗaya ya duba tsawonsa, bai yaba ba, bai kushe ba, ya miƙa hannu a ba shi na biyu. Haka ya yi ta tsagawa har rana ta take, allunan bencin zumuntar mata suna taruwa a jikin bango. Sai aka ɗauke wuta.

Ya fito yana karkaɗe gira, ya zauna kusa da matarsa. Ta zuba masa kunu daga sabuwar kula, tana faɗin wata magana a kan tsofaffi masu taurin kai. Ya kurɓa, ya dube ta, ya tashi ya zagaya ya zauna ta ɗaya gefen nata.

“Maman Hefzi, daga yau in za ki zage ni ki riƙa biyowa ta dama,” ya ce. “Kunnen hagun ya yi ritaya.”