Kilishin Baba a Ƙarƙashin Raga

Yamai, Talata

Ba a kira assalatu ba muka fara ɗora kwalaye a bayan motar abokina Garba, a ƙofar gidanmu da ke Talladjé. Kwali takwas ne, duk kilishi, garar ƙanwata Rabi da za a aurar a Libreville. Tun tana ƙarama gwaggonmu ta ɗauke ta, can ta girma, can kuma ta sami miji, ɗan wasu Hausawa ƴan kasuwa. Labari ya zo mana cewa da aka gaya wa uwar angon sana'ar Baba, sai ta ce, "Au, ƴar mahauci ce?" Da Baba ya ji, washegari ya sa aka raka shi kasuwa ya zaɓi sa da hannunsa.

Baba ya tsufa yana kilishi kusa da kasuwar Petit Marché, har idonsa ya yi hazo ya bar wa ƙanensa rumfar. Amma wannan karon ya ce ba mai taɓa masa wuƙa. Da lalube ya fere naman, ya shanya, ya kwaɓa labu, wato haɗin ƙuli da kayan yaji da ake tsoma naman ciki, ga shi farkon damina, rana ta fito ta ɓuya. Kuma yana da ƙa'idar da ba ya karyawa: bai taɓa miƙa wa mutum kilishi mai sanyi ba. Don haka gashin ƙarshe sai gab da asubar nan aka yi shi, daga wuta zuwa takarda, daga takarda zuwa kwali. Ni kuma, tela ne a unguwar Maourey, ban san komai a nama ba sai ci, da iyayina na shimfiɗa leda a cikin kowane kwali don kada ruwan sama ya taɓa.

"Isufu," in ji Baba, "ka tsaya a kansa har uwar angon ta sa a bakinta. Ina so in ji abin da za ta ce."

A shingen hanyar filin jirgi jandarma ya leƙo ya ce me muka ɗauko. Garba ya ce, "Shef, hanci bai gaya maka ba?" Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

A sashen kaya muka sami Sumana, mutumin da zai yi mana takardu da awo. Nan na fara ganin abin da suke kira falet: wani faffaɗan faranti ne na ƙarfe mara nauyi, faɗinsa ya kai ƙaramin ɗaki. Akwai kuma akwatunan kwano manya, an yanke musu kusurwa ɗaya don su zauna daidai da cikin jirgi. Na ce a sa mini kayana a ɗaya daga cikinsu. Sumana ya ce wannan na wanda zai cika shi ne shi kaɗai, masu kwali takwas a falet suke, tare da kayan jama'a.

Ya dafa kwali ɗaya ya janye hannu. "Kayan nan da zafi."

"Ai shi ne kilishi," na ce masa, har da ɗaga kai.

Ya ce to, yau da yamma jirgin kaya zai kai shi Lome, gobe wani ya wuce da shi. Ina tsaye aka shimfiɗa leda a kan farantin, aka jera kwalayenmu a ƙasa saboda sun fi ƙwari, aka ɗora dilolin fata da buhunan wani a kansu har tulin ya wuce tsayina. Aka naɗe duka da leda, aka sake rufawa da wata, sannan aka jefa raga aka ɗaɗɗaure ta a bakin farantin. Wallahi daɗi na ji, na ce ko ɗigon ruwa ba zai shiga ba.

Lome, Laraba da Alhamis

Nawa jirgin da safe ya tashi, kafin azahar muna Lome. Ƴan sa'o'i ya kamata in yi in wuce. Na kira wakilin kamfanin da Sumana ya haɗa ni da shi don kawai in ji kayana sun yi gaba. Sai ya ce jirgin da zai kwashe su ya sami matsala, ana jiran wani ƙarfe na gyara, falet ɗin yana nan. Na roƙa aka ɗage mini tafiya, na fita na hau babur cikin yayyafi zuwa ma'ajiyar kaya.

Ba a barin kowa ya shiga, sai dai ka tsaya a bayan shingen waya. Daga nan na hango falet ɗinmu, na gane shi da dilolin fata. Ma'ajiya ta cika, an jera su a waje. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, irin ranar bakin teku mai sa riga ta manne a jiki. Ina kallo ledar ta yi fari daga ciki, gumi yana gangarowa a jikinta. Ruwan da na yi ta tsoro daga sama, ashe a ciki muka rufe shi da hannunmu.

Na sami wakilin na ce, "Don Allah a kwance ragar nan, in fitar da kwali takwas su sha iska."

Ya ce, "Ba a kwance falet da aka riga aka auna. Kayan mutum nawa ne a kai? Kuma naka ne a can ƙasa."

Na ce to a huda ledar kawai. Ya ce in ya huda, ruwa ya jiƙa fatun mutane, wa zai amsa? Na yi magiya, na yi faɗa, na dawo na yi magiya. Mutumin bai wulaƙanta ni ba, har kujera ya ba ni, amma raga tana nan yadda take.

A Zongo, unguwar Hausawa, na kwana, gidan wani dattijo mutumin Dogondutsi mai sayar da albasa. Aka kawo tuwon masara da miyar kifi, na kasa ci. Ya ce, "Ɗana, ci abinci, ba da yunwarka jirgi zai tashi ba." Washegari na koma bakin waya na wuni. Ruwa ya sauka sau biyu, rana ta fito sau biyu. Baba ya kira ya ce ya hanya, na ce lafiya lau. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ne kamar ranar nan: abu yana lalacewa a gaban idona, taku kaɗan tsakaninmu, ba ni da ikon taɓa shi. Da yamma dole na bar shi na hau jirgi, don ɗaurin aure ba zai jira ni ba.

Libreville, Juma'a zuwa Talata

Gwaggo ta tarye ni da tambayar da na sani: "Ina kayan?" Na ce suna tafe. An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, an kai amarya ranar Asabar. Gara ranar Lahadi aka sa, Gwaggo ta aika aka nemi a ɗaga zuwa Talata. Duk dangin ango sun riga sun ji cewa kilishin Yamai yana hanya, don ita da kanta ta yi ta yaɗawa.

Litinin da hantsi aka kira ni daga filin jirgi. Na tarar an kwance falet ɗin, ragar tana yashe a ƙasa, masu fata sun kwashe nasu. Kwalayenmu sun yi laushi, gindinsu ya jiƙe. Mai taksi ya sauke gilashi tun kafin mu fita daga filin, saboda wari.

A bayan gidan Gwaggo muka buɗe. Takardar ta manne da naman. Fumfuna ta rufe shi, fari da kore, labun ya koma kamar laka. Muka buɗe na biyu, na uku, har na takwas, Gwaggo tana cewa ƙila na tsakiya ya tsira. Ba ko ɗaya. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Innalillahi. Idon Yaya, hannun Yaya." Ni kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa. Muka haƙa rami a gindin ayaba muka binne.

Talata muka kai gara: shinkafa, mai, dubulan da Gwaggo ta soya, da abin da aka samu a kasuwa. Uwar ango ta karɓe mu da fara'a, ta sa aka buɗe kwanuka ɗaya bayan ɗaya a gaban ƴan'uwanta. Sannan ta dubi Gwaggo.

"Hajiya, ina kilishin da aka cika mana kunne da shi?"

Gwaggo ta ce jirgi ne ya yi latti, ya lalace.

"Ayya," in ji ta. "Ai na ɗauka ko nama dai ba zai gagare ku ba."

Wata ta yi dariya a bayan mayafi. Rabi tana zaune a gefe, kanta a sunkuye, kuma a gidan nan za ta zauna bayan mun tafi.

Da za mu fito Rabi ta bi ni har ƙofa ta karɓi wayata ta kira Baba. Ina jin ta tana cewa, "Baba, ya iso. Sun ci, har rabo aka yi a unguwa." Ta miƙo mini wayar ta ce, "Yaya, in ka gaya masa ban yafe ba."

Komawa gida

Na biyo ta Lome, ban ko dubi wajen ma'ajiyar ba. La'asar sakaliya muka sauka Yamai, Garba ya ɗauko ni. Na tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma, abokansa mahauta sun kewaye shi, an dafa shayi. Ashe tun ranar Talata yake ba su labari.

Ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi. "To, gaya musu da bakinka. Da ta sa a baki, me ta ce?"

Duk suka juyo gare ni. Na ce, "Ta ce ba ta taɓa cin irinsa ba, Baba."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce in Allah ya kawo haihuwa, na suna sai ya fi wannan, kuma ni zan sake kaiwa, tunda na san hanya. Na ce Allah ya kai mu.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Garba, da dattijon Zongo da ya ba ni wurin kwana, da Gwaggo da ta riƙe mini fartanya. Ku kuma da kuka karanta, in kun biyo ta Talladjé kuka ga wani tsoho a ƙofar gida yana ba da labarin kilishinsa da aka ci a Libreville, don Allah ku ce masa kun ji.