Gawo Mai Ganye da Damina

Sabi'u mai fentin motoci ne a tashar Tanut. Shekara ashirin yana zana zaki da dabino a bayan manyan motoci, direbobi na yabawa. Mahaifiyarsa Asibi kam cewa take zakinsa ya fi kama da akuyar da ruwa ya daka. A wani ƙauye na yankin Gangara ta girma, a bakin tabki, can ta yi wanki ta shayar da dabbobi, har tsufa ya sa Sabi'u ya ɗauko ta zuwa gari.

Da bazarar shekarar korona tari ya kama ta. Likita ya ce a keɓe ta a ɗaki, a riƙa miƙa mata abinci ta taga. Tsohuwar da ko a gidan makoki ba ta iya yin shiru, ga ta daga ita sai bango. Kwana uku kwanon kunu na dawowa yadda ya tafi.

"Ku bar wahalar da kanku," in ji ta. "Ni da ganin tabkinmu kuma sai a lahira."

Tsoro ya kama Sabi'u ƙwarai, don ya san ba tarin zai kashe ta ba, yunwa ce. Da safe ya kwaso ragowar fentinsa, ya fuskanci katangar da ke kallon tagarta, ya malala tabki shuɗi shar. Bai gama ba ya ji muryarta.

"Kai Sabi'u! Mene ne wannan?"

"Tabkinku ne, Inna."

"Tabkinmu ko marina? Ruwanmu launin kunun gero ne, sakarai!"

"To sha rabin kunun nan, ki miƙo min saura in gwada launi."

Ta sha tana mita. Washegari ya dasa gawo a bakin ruwan, ya cika shi da ganye kore. Asibi ta dafa taga ta miƙe, ita da aka ce ba ta iya tashi. Wa ya taɓa ganin gawo da ganye da damina, tabki na cike? Sabi'u ya ce zai goge in ta ci tuwo. Haka aka yi ta yi. Yau raƙumi da wutsiyar doki, gobe mata na ɗibar ruwa a mashayar shanu. Kullum da kuskure, kullum da faɗa, kullum kwano na dawowa a suɗe.

Ranar da likita ya ce ta fito, ta dogara sanda ta je gaban katangar, ta daɗe tana kallo. Sabi'u na tsaye a bayanta.

"Kai da aka binne cibiyarka a gindin gawon nan," ta ce, "ka ɗauka na yarda ba ka san shi ba?"

"Ashe kin gane, Inna? To faɗan fa?"

"Ta taga ina ganin wandonka na zamewa. Na san in ban ci ba, kai ma ba ka ci." Ta nuna katangar da sanda. "In ruwa ya sauka ka kai ni in ga na gaske. Ka taho da fentinka, ko ka koyi wani abu."