Hannun da Ke Ƙarƙashin Famfo

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, bayan la'asar, aka bugo waya shagonmu na buga alluna aka ce ka cika. Malam Ƙa'ida muke ce maka. Sunan tsokana ne, amma ka amsa shi har ya danne na yanka.

Aikinka shi ne nemo zanen da muke bugawa a allunan lafiya da kariya, da tabbatar da cewa kowanne ya bi dokarsa. A wurinka na koyi cewa ja hani ne, rawaya gargaɗi, shuɗi umarni, kore kuwa hanyar tsira. Kana iya shafe wuni a intanet kana neman zanen mutumin nan mai gudu zuwa ƙofa. Ka yar da wannan don kibiyarsa ta karkace, ka yar da wancan don mai shi bai ba da izini ba. Mu kuwa muna gefe muna dariya, muna cewa ai gobara ba ta duba kibiya.

Ban manta da mai masana'antar da ya so a yi masa allon ƙofar fita da ja ba, don ya dace da fentin gininsa. Ka ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri. Wanda hayaƙi ya rufe wa ido kore zai nema, ba zai tsaya karatu ba." Ya fita da fushi, ya dawo ya karɓi koren. Haka kuma ka yi wa makarantar layinmu allunan wanke hannu kyauta, ka durƙusa da kanka ka kafa su daidai idon yara.

Da muka je gaisuwa, uwar 'ya'yanka ta roƙe mu abu ɗaya. Ta ce, "Don Allah ku nemo mini hotonsa na wurin aiki. Na gida duk na samartaka ne, ga jikansa na goye, kar ya tashi bai san fuskar kakansa ba." Na bugi ƙirji na ce ta sa ranta a inuwa.

Muka buɗe kwamfutarka. Ga zanen harshen wuta, ga na ƙoƙon kai, ga na hular kwano, kowanne an rubuta inda aka samo shi. Muka koma wayoyinmu: ranar buɗe sabon shago, ranar da aka kawo injin bugu, auren akawunmu. Kowa yana ciki, har mai gadi. Kai ne babu. Ashe kullum kai muke miƙa wa wayar mu ce, "Malam, ɗauke mu, kai ka iya saita abu." Babu wanda ya taɓa cewa ka shigo a ɗauka da kai. Wallahi na ji kunya, har muka kasa haɗa ido da juna.

Abin da muka samu kawai shi ne hoton hannunka a ƙarƙashin famfon bayan shago. Lokacin da kake yi wa yaran makaranta allon wanke hannu, ba ka sami zanen da ya gamsar da kai ba, sai ka ɗauki hoton hannunka ka zana a kansa. A zanen ka miƙar da ƙaramin yatsanka da ya karye ya warke a karkace. A hoton yana nan yadda Allah ya bar shi.

Shi muka buga muka kai mata, kaina a sunkuye. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Hannunsa ne. Allah ya saka muku da alheri." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba matarka da 'ya'yanka haƙurin rashinka. Ya kuma raya jikan nan naka, wanda saboda mu, da hannu kawai zai san kakansa.