Kuregen Malam da takabar da ta ƙi ƙarewa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Malam Sada, malamin kimiyya a wata sakandare a nan Katsina. Allah Ya jiƙansa. Shekara bakwai ke nan kuma ban taka waje ba, ko zuwa Gobarau wurin mahaifiyata da ke kwance.

Malam mutum ne mai naci. Ya karanta cewa kuregun ƙasashen sanyi kan shige rami su yi watanni suna barci, kuma wata 'yar ƙwaya a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wai ita finiyal, tana da hannu a ciki. Ita ke auna tsawon duhu, ta gaya wa jiki inda shekara ta kai. Sai ya sa mafarauci ya kamo masa kurege, ya kulle shi a ɗakin ajiyar gidanmu na Ƙofar Ƙaura, ya toshe taga da buhu, wai duhu zai kwantar da shi. Ina! Kuregen Katsina bai san wannan karatun ba. Wata biyu yana kartar ƙofa, ya cinye mini rabin buhun gyaɗa. Na yi masifa har na gaji.

Ranar da ya sake shi ya ce, "Hajiya, na zalunce shi. Su na can lokaci ke kwantar da su, lokaci ke tashe su. Wanga ni na tsare shi."

Ni babu wanda ya tsare ni. Takabata ta cika wata huɗu da kwana goma, aka yi sadaka, mata suka ce sai fita. Na sa hijabi, na isa zaure, ƙafafuna suka ƙi. Har yau da na hango titi sai ƙirjina ya toshe. An yi rubutu, an kawo likita har gida. Da Malam na nan, da ya zolaye ni ya ce ƙwayata ta manta lissafi, sannan ya kama hannuna. Abin da ya bar mini ke nan, son sanin dalilin abu, ga shi na rasa dalilin nawa. Ina jin kunya, ina kuma jin haushin Malam.

Jiya yayana Lawal ya zo daga Gobarau. Ya ce, "Inna ta daina cin abinci. Ta ce in tambaye ki, mi kike jira?"

Tsorona shi ne ranar da ƙafafun nan za su yarda, zaman makokinta za su kai ni.