Kujerar da Baffa na Uku Ya Hana Zama

Kafin masu tuyar fanken gero su hura wuta, Luan Baoshan ya riga ya buɗe zauren Malam Kong na ƙauyenmu, Shimen, Malamin da baƙi ke kira Konfushiyas. Yakan fara shara daga ciki, yana ja da baya har bakin ƙofa, don kada ya juya wa allon sunan Malam ƙeya. Sai ya goge teburin turare, ya ba itatuwa ruwa, ya karya kumallo a tsaye. Shekara arba'in da ɗaya, ba mahaluƙin da ya taɓa ganinsa zaune a zauren nan. Ƙanen mahaifina ne, Baffa na Uku muke ce masa, kuma watan jiya ya miƙa makulli domin gwiwa ta ƙi.

Ranar da ya miƙa makullin, manya daga gunduma sun zo sun yi ta jawabi a kan ladabi da girmama magabata. Ɗayansu sai da ya leƙa takarda kafin ya iya kiran sunansa. Abin ya ɓata mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A shekarar 1966 Baffa yana da shekara goma sha tara, yana koyon kafinta, lokacin da samari masu jan ƙyalle a dantse suka tashi ƙona duk wani abin gargajiya. Ya riga su shiga zauren, ya ɗauke allon Malam ya kai gida, ya kifa shi, ya kafa masa ƙafa huɗu. Allo ya zama 'yar kujera, rubutun yana kallon ƙasa. Da an gane, da an zagaya gari da shi da doguwar hular takarda ta wulaƙanci, kuma ba lallai ya dawo gida da ƙafarsa ba.

Samarin sun bi gida-gida suna bincike. Shugabansu Gao Licheng ne, abokin Baffa tun suna yara. Da suka shiga ɗakinsa, Gao ya jawo kujerar nan ya zauna daram, yana ba da umarni har aka gama birkice ɗakin. Baffa na tsaye yana kallon mutum zaune a kan sunan Malam.

Allon ya tsira, amma Baffa bai yafe wa kansa ba. Shekara goma sha bakwai kujerar na gidansa, ba mai hawa. Matarsa takan ce, "Ni dai na auri kafinta, ga kujera a ɗaki, amma baƙona a bakin gado yake zama. Uban yara, ko ƙwai ka saka a kanta?" Da aka sake gina zauren, wanda aka ƙona a wancan rikici, ya cire ƙafafun, ya mayar da allon mazauninsa, ya ɗauki tsintsiya. Har yau ramukan ƙusa huɗu na nan a jikinsa.

Baffa, kai ne ka koya mana karɓar abu da hannu biyu. Kai ne kake tuna ranar share kabarin waɗanda 'ya'yansu suka tafi birni suka manta hanya. Ba ka haddace littattafan Malam ba, Baffa, amma ni a wurinka na ga abin da ke cikinsu.

Ranar sallamarsa aka kawo masa kujera mai laushi tsakiyar zaure. Ya girgiza kai.

"Ni na sa aka zauna a kan Malam. Da wace fuska zan zauna a gabansa?"

Sai ga tsoho Gao ya taso yana dogara sanda. Ba su cika magana ba tun wancan zamani, gaisuwa kawai.

"Luan na Uku, har yanzu kanka na katako ne," in ji shi. "Kana tsammanin gajiya ce ta zaunar da ni? Ina jawo kujerar yatsuna suka taɓa rubutu a ƙasa. In na tashi, yaran nan za su kife ta su gani."

Baffa ya juyo gare shi. "Ashe ka sani? Shekara hamsin da takwas, tsohon banza, ba ka faɗa ba?"

"Da wane baki? Ni na cinna wa zauren wuta."

Ni kam hawaye ya zo mini, ban ɓoye ba. Ashe mutum biyu ne suka ɗauki nauyi ɗaya, kowa na jin kunyar ɗan'uwansa.

Baffa ya juya ya rusuna wa allon sau uku. Ya sa aka kawo kujera ta biyu, ya jira Gao ya fara zama, don ya girme shi da wata biyar. Sannan ya zauna, gwiwoyinsa na ƙara.

Mun gode, Baffa na Uku. Ku kuma 'yan Shimen da kuka iya jawabi, tsintsiyarsa na nan jingine a bayan ƙofa. Wanda ya ɗauka, ya fara daga ciki, ya fito da baya da baya.