Ranar da Muka Kai wa Malam Sabo Lantarki a Jaka

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla muka hau hanyar Zariya, ni da ƙanwata. Ita likitar gashin ƙashi ce a wani asibiti a birni, ni kuwa motata aka roƙa, aka haɗa da ni a matsayin direba. Abin da ya sa ban yi gardama ba shi ne ɗan akwatin da ke cikin jakarta. Na ji ta ce da shi ake sa wa mutum lantarki a ka, kuma ya tashi lafiya lau. Na ce sai na gani da idona.

A hanya ta ba ni labarin wanda za mu je wurinsa. Malam Sabo manomin rani ne a wani ƙauye kusa da Bunkure. Bara ya faɗo daga kan acaɓa, kansa ya bugu, ya kwana biyu bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo, hannunsa na dama ya ƙi ƙwari, magana kuma sai ya lalubo ta. Babban likitan asibitin da ƙanwata ke aiki, wanda ya yi karatu a waje, shi ya zo da na'urar yana gwada ta a kan masu irin wannan rauni, da yardarsu. Malam Sabo ya fara zuwa ke nan mahaifiyarsa ta ji wai wuta ake jona wa ɗanta, ta ce ba zai sake taka asibitin ba.

A Kura muka karya. Injinan casar shinkafa sun riga sun tashi, ko'ina ƙara da ƙamshin shinkafar da aka turara. Muka ci waina da miyar taushe wurin wata dattijuwa da ba ta tambayar mutum ko yana son yaji. Tumatir kuwa ya faɗi warwas, kwanduna jere a bakin titi, har na ji kunyar yadda nake tayawa a birni. Daga nan muka karkata hanyar Bunkure. Ramuka sun isa, amma ido ya huta: albasa, tumatir da alkama kore shar, ruwa na bin magudana kamar ba rani ake ba.

Mun iske Malam Sabo a zaure da wansa, wani Alhaji mai saurin magana. Tsohuwar ta fito da kanta, ta amsa gaisuwa a taƙaice, idonta na kan jakar. Da aka buɗe, ni ma sai na ga bai kai yadda na zata ba. Abu ne da bai kai rediyo ba, da batir irin na kanti, da waya biyu, kowace da soso a bakinta.

Ƙanwata ta durƙusa ta ce, "Inna, ba wutar gida ba ce. Kaɗan ce ƙwarai, tana ɗan zaburar da wurin da ya yi rauni ne, sannan a motsa hannun. Ba zan ce miki zai warke ba, mu ma gwadawa muke."

Tsohuwa ta nuna ni da haɓa. "Wannan wane ne?"

"Yayana ne, Inna."

"To, a fara sa masa."

Haka na tsinci kaina a kan tabarma, an jiƙa soso da ruwan gishiri an ɗaure mini a ka. Na yi ta salati a zuci. Abin da na ji bai wuce ƙaiƙayi ba, kamar kiyashi na yawo a fatar kai, can ma ya lafa. Inna ta tambaye ni sunana da na unguwarmu, na faɗa daidai. Duk da haka ba ta gamsu ba sai da ta zame ɗankwali aka sa mata ita ma. Ta saurari jikinta, sannan ta ce, "Ashe wannan ce wutar? Ku sa masa."

Ana cikin yi wa Malam Sabo, Alhaji ya kawo maganar da ta fi damunsu. Yana so a ba wani gonar Malam Sabo bana, tunda mai ita ba ya iya ban ruwa. Malam Sabo ya buɗe baki, kalmar ta ƙi zuwa, sai ya bugi tabarma da hannun hagu. Ƙanwata ta tambaye shi wane aiki ya fi so hannun ya koma yi. Ya daɗe kafin ya ce, "Tiyo."

Da aka kwance masa soso muka nufi gonar. A nan na ga yadda suke jawo ruwa: ana nutsa lanƙwasasshen tiyo a magudana, a toshe bakinsa da tafin hannu, a fizgo shi da sauri zuwa fangalin shuka, sai ruwa ya biyo. Na gwada, na jiƙa wandona a banza. Malam Sabo ya tsuguna ya kama. Tafin ya ƙi rufewa, iska ta shiga. Ya sake, ya sake, zufa na ɗiga daga gemunsa. Can ruwa ya zubo, ya ɗan gudana, ya yanke. Alhaji ya juya mana baya na ɗan lokaci, sannan ya ce a bar wa Malam Sabo fangalin da ke bakin ruwa, sauran shi zai riƙe masa har hannu ya dawo. Inna kuma ta ce ranar asibiti da ita za a zo.

A hanyar dawowa na tambayi ƙanwata ko aikin na'urar ne. Ta ce, "Yaya, zama ɗaya ba ya yin haka. Ko ita ce, ko motsa hannun, ko lokaci, har yanzu ba mu sani ba."

Mun shigo Kano kafin magariba, bayan mota cike da albasar da aka tilasta mana. Na koyi cewa mutanen karkara ba sa ƙin sabon abu, so suke a gaya musu gaskiya, a bar su su taɓa. Kuma ban taɓa sanin rufe tafin hannu aiki ba ne, sai da na ga magidanci yana zufa a kansa.